Yarinyata ta sami gurbin mako ɗaya a makarantar hafsoshin soja ta West Point, shin in bar ta ta tafi?

Uwar Uku, Bronx, New York

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ba tare da na sa baki ba, amma yau wata magana ta sha mini kai, kuma ina fatan wanda ya san hanya zai haska mini. Shekarata 21 a Amurka, a nan aka haifi 'ya'yana duka, kuma babbarsu tana aji 11, wato saura shekara ɗaya ta gama sakandare. A farkon shekarar nan malamar da ke ba su shawara kan zaɓen jami'a ta sa ta cike takardar neman shiga wani shiri na mako ɗaya da makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasa ta West Point take yi a watan Yuni, lokacin dogon hutu, wanda suke kira Summer Leaders Experience. Ta gaya mini a lokacin, amma ban ɗauki maganar da nauyi ba, domin na zaci irin ziyarar jami'o'in nan ce da suka saba yi. A makon jiya sai ga saƙo cewa an ɗauke ta, ana son mu amsa, mu biya kuɗi, mu kuma sa hannu a wasu takardu.

Tun daga ranar gidan babu daɗi. Mahaifinta ya ce bai yi shekara da shekaru yana tuƙin tasi dare da rana don 'yarsa ta ɗauki bindiga ba, kuma a saninsa duk takardar da soja ya miƙo maka ka sa hannu, to ka shiga ke nan. Yayarsa ta bugo waya daga Kano tana tambaya ko hankalinmu ɗaya da za mu bar 'ya mace ta kwana a bariki. Ita kuwa yarinyar ba ta yi musu da kowa ba, amma ni da na haife ta na ga yadda abin yake cin ta. Tana da ƙoƙari a lissafi, ita ce shugabar ƙungiyar masu gudu ta makarantarsu, kuma burinta ta karanci aikin injiniya ba tare da ta ɗora mana bashi ba.

Abin da nake son sani shi ne, shin zuwa wannan mako yana ɗaure ta da aikin soja? Me ake yi da su a can? Yaya za ta yi da salla da hijabinta da abinci? Don Allah wanda ɗansa ya taɓa zuwa, ko ya san tsarin da kyau, ya gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Baban Kadet, Maryland

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana su. Ɗana ya je wannan shiri bayan ya gama aji 11, kuma yanzu yana shekararsa ta biyu a makarantar, saboda haka zan faɗi abin da muka gani da idonmu.

Ki fara kwantar wa Alhaji hankali a kan abu ɗaya: zuwa wannan mako ba shiga soja ba ne, kuma babu wani alkawari da yake ɗora wa yaro. Takardun da za ku sa wa hannu na izinin iyaye ne da bayanin lafiya, irin waɗanda ake cikewa idan yaro zai je kowane sansanin hutu. Idan ta dawo ta ce ba ta so, magana ta ƙare a nan. Ko wanda ya shiga makarantar gaba ɗaya yana da damar janyewa a shekaru biyun farko ba tare da an bi shi bashin aiki ba, sai ranar da ya fara karatun shekara ta uku ne alkawarin yake hawa kansa. Kuma idan yaro bai cika shekara 18 ba a lokacin shiga, doka ba ta yarda ya sa hannu a yarjejeniyar ba sai da amincewar iyayensa.

Makarantar tana bakin Kogin Hudson, kimanin kilomita 80 arewa da birnin New York, wato daga Bronx tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a mota. An kafa ta a 1802, kuma ɗalibanta, waɗanda ake kira kadet, sun haura 4,000. A shirin hutun ana gayyatar yara wajen 1,000, a raba su zango biyu, kowane zango mako ɗaya. Da sun isa za a rarraba su ƙananan rukunoni, a damƙa kowane rukuni a hannun kadet da ke karatu a can, shi ne zai riƙa tashinsu, ya jera su, ya kai su ko'ina. A bariki suke kwana, a babban ɗakin cin abinci na kadet suke ci. Ana tashi da sassafe a yi motsa jiki, da hantsi a shiga azuzuwa inda malaman makarantar suke ɗanɗana musu darussa kamar injiniya da kimiyya da harsuna da tarihi, da yamma kuma a yi wasanni. Akwai ranar da ake warewa don harkar soja zalla, a nuna musu makamai, su tsallake shingaye, su ci abincin leda irin wanda sojoji suke ci a daji. Ɗana ya dawo muryarsa ta dushe, ya yi barci kusan wuni guda.

Abin da ya kamata ta shirya masa tun yanzu shi ne gwajin ƙarfin jiki, domin ana yin sa a cikin makon, kuma yana cikin sharuɗɗan shiga makarantar. Abubuwa shida ne a jere, agogo yana tafiya, hutun da ke tsakaninsu kaɗan ne: jefa ƙwallon kwando da hannu ɗaya daga durƙushe, rataya a jikin ƙarfe ana jan jiki sama har haɓa ta wuce shi, gajeren gudu na kai da komowa, tashi zaune daga kwance na minti biyu, kifewa ana ɗaga jiki da hannuwa na minti biyu, sannan gudun mil ɗaya, wato kilomita 1.6. Tunda mai gudu ce, na ƙarshen ba zai ba ta wahala ba, amma yawancin yara a ƙarfen nan da jifan ƙwallo suke shan kunya, saboda ba abin da suka saba yi ba ne. Wanda bai gamsu da sakamakonsa ba yana iya sake gwajin daga baya a gida a gaban malamin motsa jiki na makarantarsu.

Sai dai akwai gaskiyar da zan gaya miki wadda ni ba a gaya mini ba. Wannan mako an tsara shi ne don a jawo hankalin yara masu hazaƙa, saboda haka da lallashi ake tafiyar da shi. Ainihin horon sabbin shiga, wanda ake farawa a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli a yi kusan mako shida ana yi, wani abu ne daban, domin a nan ne ake karɓe waya, a aske wa maza kai, a yi wa yaro tsawa daga asuba har dare. Ɗana da kansa ya ce mini makon farko da ya yi yana sakandare tamkar leƙe ne ta taga. Duk da haka ina ganin leƙen yana da amfani, domin a rukuninsu akwai yaran da suka gane tun a kwana na uku cewa rayuwar tashi da ƙararrawa da tafiya a layi ba tasu ba ce, kuma sun huta da ɓata shekara guda suna neman abin da ba za su iya zama da shi ba.

Malamar Lissafi, Columbus, Ohio

Hajiya, ina koyarwa a sakandare, kuma na sha rubuta wa ɗalibai takardar shaida zuwa waɗannan makarantu, don haka zan ƙara a kan abin da Baban Kadet ya faɗa.

Samun gurbi a shirin hutu ba ya nufin an ba ta makarantar, haka kuma rashin zuwa ba ya rufe mata ƙofa, domin da yawa daga cikin waɗanda ake ɗauka ba su taɓa halartarsa ba. Shiga West Point doguwar hanya ce. Dole ɗalibi ya kasance ɗan ƙasa, takardar zama ta dindindin ba ta isa ba, ya cika shekara 17 amma bai kai 23 ba a ranar 1 ga Yuli ta shekarar shiga, ba shi da aure, kuma babu ɗa ko 'ya da nauyinsu ke kansa. Wannan sharaɗi na rashin aure yana nan har a gama shekaru huɗun, kuma ya kamata ku sa shi a lissafinku. Wajen auna ɗalibi, karatu ne ke ɗaukar kashi 60 cikin 100, shugabanci da hidimar jama'a kashi 30, ƙarfin jiki kashi 10. Bayan haka sai ta sami wanda zai gabatar da ita, wato ɗan majalisar wakilai na mazaɓarku, ko ɗaya daga cikin sanatocin jiharku biyu, ko mataimakin shugaban ƙasa. Ba sai kin san kowa ba, cike takarda ake yi a gana da kwamiti, amma yawancin ofisoshin suna rufe karɓa tsakanin Satumba da Nuwamba, saboda haka da ta dawo daga shirin ba ta da lokacin jinkiri idan tana so.

Gwajin lafiya shi ne wurin da na ga ɗalibai masu ƙoƙari sun fi tuntuɓe. Ciwon asma bayan shekara 13 yana hana shiga sai idan makarantar ta nemi a yi wa yaro sassauci. Mu kuma da muka fito daga Afirka ta Yamma akwai maganar sikila. Mai SS ba a ɗaukarsa, mai AS ana ɗauka, amma ya kamata a san da shi, domin motsa jiki mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya yi masa illa. Idan ba ku san rukunin jininta ba ku bincika kafin Yuni, ku kuma rubuta gaskiya a takardar lafiyar.

Game da addini, shawarata ita ce yarinyar ta rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai da kanta tun yanzu, ta ce tana rufe kanta, tana son sa dogon wando da riga mai dogon hannu a wurin motsa jiki, ba ta cin naman alade, kuma tana bukatar 'yan mintoci don salla. Ta nemi amsa a rubuce ta tafi da ita. A watan Janairun 2017 rundunar sojan ƙasa ta fitar da umarnin da ya sauƙaƙa ba da izinin sa hijabi da kaki, amma irin waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa idan shugabanni suka sauya, don haka a nemi matsayin da ake kai a yanzu daga bakinsu. Akwai Musulmi a cikin kadet, suna da wurin da suke salla, kuma ana yin Juma'a. Ta tuna cewa a watan Yuni a New York alfijir yana ketowa kafin ƙarfe huɗu, lisha kuma sai bayan goma na dare, don haka ta tambayi malaminta yadda za ta tsara sallolinta a matsayin matafiyiya.

Maganar 'ya mace a bariki kuwa, tun 1976 ake ɗaukar mata a makarantar. Mata 119 ne suka shiga a shekarar, 62 suka kammala a 1980, kuma yanzu kusan ɗaya cikin biyar na kadet mata ne, da ɗakunansu daban. Ba zan ɓoye miki ba, ma'aikatar tsaron Amurka da kanta tana fitar da rahoto kowace shekara kan cin zarafi da tsangwama a makarantun hafsoshi, kuma matsala ce da ba a gama da ita ba. Ki zauna da ita ku yi maganar a fili, kamar yadda za ku yi ko wace jami'a za ta tafi.

Tsohon Soja, Greensboro, North Carolina

Yaya, ki yi haƙuri, ni zan ɗan karkata zuwa ɓangaren maigidanki, ko da yake ban ce a hana ta zuwa ba. Ni mutumin Damagaram ne, na shiga sojan Amurka a matsayin kurtu, na yi shekara shida, an kai ni Iraki sau ɗaya. Ban yi nadama ba, domin da wannan aiki na yi karatu, na kuma riƙe iyayena. Amma abin da yake damuna shi ne yadda mutanenmu suke jin kalmar karatu kyauta sai su daina saurarar sauran maganar.

Gaskiya ne ba a biyan kuɗin makaranta, ana ba da abinci da masauki da magani, har da albashi kowane wata, kuma a ƙarshe a fito da digiri da muƙamin ƙaramin laftanar, wanda a gida muke cewa mai anini ɗaya. Abin da ake biya da shi shi ne shekara biyar cur a bakin aiki, da wasu uku a cikin dakarun jiran ko-ta-kwana. Wanda ya janye bayan ya shiga shekara ta uku ana iya tura shi aiki a matsayin ƙaramin soja, ko a sa shi ya biya kuɗin karatun. Yarinyar da ta shiga tana 18 sai ta kai 27 kafin ta mallaki lokacinta. A cikin shekarun nan ba ita ke zaɓen inda za ta zauna ba. Mahaifina ya rasu ina can, kuma kafin labari ya same ni an riga an rufe shi, domin mu ba ma jinkirta gawa. Ba laifin kowa ba ne, haka aikin yake, amma har yau abin yana raina.

Sannan hafsa ba injiniya ba ce kawai da ta sa kaki. Tana fitowa za a iya damƙa mata mutum talatin ko arba'in, wasu sun girme ta, kuma ita ce za ta ba su umarni a wurin da ake mutuwa. Tun daga 2016 babu wani fagen yaƙi da aka rufe wa mata. Ba ita za ta zaɓi yaƙin da za a yi ba, kuma ba ita za ta zaɓi ƙasar da za a kai ta ba. An yi shekara 20 a Afganistan, daga 2001 zuwa 2021. A ranar 4 ga Oktoban 2017 an kashe sojojin Amurka huɗu tare da sojojin Nijar a Tongo Tongo, kusa da iyakar Mali, kuma sai a 2024 sojojin Amurka suka bar sansaninsu na Agadez. Ina nufin ɗan Bahaushe a kakin Amurka yana iya tsintar kansa a ƙasar kakanninsa da bindiga a hannu, kuma ya kamata ya yi wa kansa wannan tambaya tun kafin ya yi rantsuwa. Idan tana da fasfo na Najeriya ma, za a yi mata tambayoyi a kai lokacin binciken tsaro da ake yi wa kowane hafsa.

Abin da nake roƙo shi ne, idan ta tafi, kada ta tsaya kallon gine-gine da fareti. Ta ja kadet ɗin da ke kula da su gefe, musamman mace, ta tambaye ta ranar da ta fi baƙin ciki a makarantar da abin da ya hana ta tattara kayanta. Idan kuma kuɗin jami'a ne babban dalili, akwai tsarin ROTC, inda ake karatu a jami'ar farar hula ana horon soja a gefe, shi ma da nasa alkawarin aikin, kuma akwai tallafin karatu da ba ruwansa da soja ga yarinya mai irin makinta. Na ga waɗanda suka shiga don kuɗi ko don faranta wa iyaye, kuma su ne suka fi shan wuya.

Abu Muhammad, Kaduna

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Ɗana yana aji biyar na sakandare a nan Kaduna, kuma ba shi da magana sai ta soja. Shin yaro daga Najeriya zai iya neman wannan shiri na mako ɗaya?

Malamar Lissafi, Columbus, Ohio

Malam, an gina shirin ne domin yaran da za su iya neman makarantar ta hanyar da na bayyana, wadda sharaɗinta na farko shi ne zama ɗan ƙasar Amurka. 'Yan ƙasashen waje suna shiga West Point ta wata ƙofa daban, inda gwamnatin ƙasarsu ce take gabatar da su ta hannun ofishin jakadancin Amurka, doka kuma ta taƙaita adadinsu zuwa 60 a lokaci guda daga duk duniya, sannan idan sun gama sojan ƙasarsu suke komawa yi wa aiki. Ka yi hattara da duk wanda ya ce zai samo masa gurbi idan ka biya. Hanyar da ta fi kusa da ɗanka tana garinku, wato makarantar horar da hafsoshin sojan Najeriya, NDA, da aka kafa a 1964, kuma shirin da zai yi mata iri ɗaya ne: lissafi da Turanci da kimiyya, gudu, da kula da lafiya.

Uwar Uku, Bronx, New York

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan lisha na karanta wa mahaifinta amsoshinku duka, kuma maganar Tsohon Soja ce ya sa na maimaita masa. Daga nan ya kira yarinyar ya tambaye ta ko don kuɗin makaranta take son abin, ta ce da farko haka ne, amma yanzu tana son ta gani da idonta ko za ta iya. Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce ya amince da mako ɗayan kawai, shi zai kai ta da motarsa kuma shi zai ɗauko ta, maganar shiga makarantar kuwa sai ta dawo an zauna, har da kawunta. Ta riga ta aika wa ofishin saƙo kan hijabi da salla, muna jiran amsa, kuma ranar Litinin za mu je asibiti a duba rukunin jininta, domin ni AS ce kuma ban tuna abin da aka gaya mana lokacin haihuwarta ba. Baban Kadet, ta gwada ƙarfen nan a filin wasa na unguwarmu ba ta iya ja ko sau ɗaya ba, kuma saura mako bakwai. Don Allah ka tambayi ɗanka yadda ya fara.